Sifana Goma Sha Huɗu

Rediyo na rataye a ƙusar garejina, nan Tawa,
tana tari kamar tsohon da ya saba da taba.
Ta ce Japan ta ƙara kuɗin tsaro,
tana neman makamai masu cin dogon zango.
Na ajiye sifana goma sha huɗu,
na goge hannu a wando, na ce: ashe.

Shekara talatin da ɗaya ina kwance ƙarƙashin ƙarfensu.
Na san mutanen nan ta ciki, inda fenti bai kai ba,
yadda suke ɗaure noti,
yadda ba sa barin waya tana lilo.
Amma da ido, ɗaya tak na gani,
siriri, mai haƙa rijiyar burtsatse,
da malafa da ɗan littafi a aljihun gaba.
Ya ci kilishi, yaji ya sa shi hawaye,
ya rusuna mini, ni Nomau, mai baƙin mai har gwiwar hannu.
Yara suka raɗa masa Ɗan Ruwa.

Shi ya zana mini ƙasarsu da tsinke a bakin rami,
sakaina huɗu suna yawo bisa teku.
Ya ce: fetur na wasu ne, alkama ta wasu,
duk ta jirgi suke zuwa, ta wani mashigi
da bai fi maƙogwaron zabo ba.
Wani ya matsa, fitilunmu su mutu.
Ranar na yi dariya.
Dariyar ta ƙare shekarar da aka rufe iyaka,
famfon injin Alhaji Arzika ya maƙale a Kwatano,
motarsa ta zauna kan duwatsu har kaza ta yi ƙwai a kujera.
Su ruwa ya yi musu zobe, mu tudu.
Maƙogwaron dai guda ne.

Ya ce tun da wuta ta faɗo musu daga sama
suka rantse, suka sa a takarda,
ba su ba tsokanar yaƙi.
Sai suka koyi shiga gari da buhun shinkafa
mai tambarin jar rana,
da ajin makaranta, da gaisuwa mai tsawo.
Wanda ya sha ruwanka,
ran jefa ƙuri'a a babban zauren duniya zai tuna ƙofarka.
Ban ga laifi ba. Ko mai albasar Galmi yana yin gyara.

To yanzu maƙwabci ya yi ƙiba, kafaɗarsa na gogar katanga,
wani yana cilla ƙarfe ta saman rufinsu da asuba,
abokin nesa kuma yana lissafin kuɗin gadi.
Wa zai hana su duba sakata?

Jiya sojoji suka jawo mini akori-kura,
ƙofar hagu da huji bakwai, na ƙirga.
A bayanta gindin bindiga ne, waldar Bizo,
na gane ɗinkin hannunsa.
Waɗanda suka huda ta, an ce, irinta suke hawa.
Japan ba ta sayar wa kowa harsashi a nan ba,
mota kawai ta ƙera wadda ba ta san mutuwa ba,
sai mutuwa ta ga abin hawa.
Ƙarƙashin kujera na tsinci dabino uku
da takalmi wari ɗaya.

Yarona Kadiri ya leƙo ramin ya ce:
Maigida, su Japan ɗin bayan wa suke?
Na ce miƙo mini sha huɗu.

Da magariba na bi ta wajen rijiyar.
Allon ya koɗe, tutoci biyun sun zama launi ɗaya,
hannun famfo yana kuka, mata na jira da jarkoki.
Ruwan na zuwa, siriri.
Gobe zan kawo giris.